Yadda Ake Gane Shekara da Samfurin Tsohon Injin Kwale-kwale

Injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale ba ya yawo da takardar haihuwa. Kafin ya iso hannunka ya bi hannu biyar ko shida, an sake masa fenti, an canza murfi, wani lokacin ma an ɗora kan wani inji a kan ƙafar wani. Mai sayarwa zai ce maka "ɗan Beljiyam ne, bai sha wuya ba", amma wannan bai gaya maka wace robar famfon ruwa za ta shige shi ba, balle yawan man da za ka gauraya masa a fetur. Waɗannan biyun kuwa duka sun rataya ne a kan shekara da samfur.

Yawancin tsofaffin injinan nan daga wurare uku suke. Evinrude, Johnson da Mercury daga jihohin Wisconsin da Illinois na Amurka, British Seagull daga Ingila, Yamaha daga Japan. A Tafkin Chadi, Kainji da Yawuri Yamaha ne ya fi yawa, amma cikin kayan gwanjo ana cin karo da sauran. Kowane kamfani da yadda yake rubuta lambarsa, kuma wasu sun canza tsarin sau biyu ko uku.

Kayan aiki

Waya mai kyamara, tocila, takarda da fensir, alli, kananzir kamar rabin kofi, tsohon burushin goge baki, tsumma, tef ɗin awo, ɗan mayen ƙarfe, sifanar fulogi, sukudireba mai faɗi da mai tauraro, da sifana iri biyu: na milimita 10, 12, 13, 14, da na inci 7/16, 1/2, 9/16. In ba ka da na inci, na milimita kaɗai za su yi aikin gwajin da za a bayyana a gaba. Kana kuma buƙatar katako mai kauri da za ka ɗaure injin a tsaye, ko bakin buɗaɗɗen duro.

Samfefa da burushin waya kada su zo kusa. Lambobin an buga su ne sama-sama a kan alminiyam mai laushi, goga biyu ta isa ta shafe su har abada.

Mataki na 1: Tsayar da injin, ka ɗauki hotonsa

Ɗaure shi a tsaye, farfela ƙasa. Cire wayar fulogi kafin ka taɓa komai, domin tsohon maganeto, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, yana iya aiki ko da injin ya shekara ashirin a ajiye. Kada ka yi gwajin tayar da shi a busasshe "don a ji ƙara": robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya in babu ruwa.

Ɗauki hoto ta gaba, baya, dama da hagu, da murfi a kai, sannan ka cire murfin ka sake. Ɗauki farfela, hannun tuƙi, da mahaɗin tiyon mai daga kusa. Ka yi wannan kafin wanki, saboda ragowar tambari da tsohon fenti suna iya fita da kananzir.

Mataki na 2: Nemo allon lamba

Fara da maƙalar da ke kama katakon bayan jirgi, wato inda sukurori biyu masu hannu suke. A nan kusan duk kamfanoni suke liƙa ɗan allon ƙarfe, ko a gefen maƙalar, ko a samanta, ko a kan ɓangaren da ke juyawa in ana tuƙi. Kwantar da injin gaba ka leƙa, wani allon sai an ɗaga injin yake bayyana. A injinan da suka girmi shekarun 1950, waɗanda tankinsu ke bisa kai, duba jikin tankin, gefen bututun hayaƙi, da saman farantin da ake naɗa igiya. Seagull ba shi da allo, lambarsa a jikin akwatin karanshaf aka buga ta, ƙasa da filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji.

Jiƙa wurin da kananzir, ka bar shi minti biyar, ka goge da burushin baki. In lambar ta dushe, goga mata alli ka share da yatsa, allin zai zauna a cikin ramukan. Ko ka ɗora takarda ka shafa gefen fensir a kai. Wata dabarar ita ce haska tocila daga gefe, kusan kwance da allon, a wuri mai duhu, sai inuwa ta fito da kowane harafi. Ɗauki hoto a haka ka buɗa shi a waya.

Yawanci lamba biyu za ka gani. Ɗaya ta samfur, ita ce ke faɗin wane irin inji ne. Ɗaya kuma ta wannan injin shi kaɗai, wadda ake kira siriyal. Rubuta duka biyun, har da layi da tazarar da ke tsakani. Inda aka fi yin kuskure: 0 da O, 1 da I, 5 da S, 8 da B, 2 da Z. In kana shakka kan wani harafi, rubuta duka biyun ka ajiye, fassarar za ta nuna maka wanne ne.

In ka ga alamar an kankare lamba da gangan, da sawun garanda ko zarto, ka tsaya ka nemi takardar saye. Injin kwale-kwale abu ne da ake yawan sacewa.

Mataki na 3: Nemo lamba ta biyu a kan injin kansa

Allon maƙala yana gaya maka labarin maƙala ne kawai. Maƙala tana karyewa, a ciro ta wani inji a saka, allon ya biyo ta. Don haka sai an sami shaida ta biyu.

A Johnson, Evinrude da Mercury, cire murfi ka duba jikin silinda, sama ko gefe. Za ka ga wani ɗan faifan ƙarfe mai launin azurfa, faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo, an dasa shi a cikin jikin. A kansa an buga siriyal, wani lokacin har da lambar samfur. Maiƙo kan rufe shi, sai ka wanke. Kada ka ɓamɓare shi, toshiya ce ta hanyar ruwa ko hayaƙi.

In lambar faifan ta yi daidai da ta allo, kan injin da maƙalarsa tare suka fito daga masana'anta. In sun saɓa, kana da inji haɗe-haɗe. Kayan fistin, kafireta da wuta sai ka bi lambar faifai, na maƙala ka bi allo, ƙafa kuma ka tantance ta da kanta. In faifan babu rubutu ko kaɗan, mai yiwuwa an taɓa canza jikin silindar da sabo.

Lambobin da suka kumburo a jikin ƙarfe, waɗanda aka zubo tare da shi, na ɓangaren ne kawai. Suna da amfani a mataki na 6, amma kada ka ɗauke su a matsayin siriyal.

Mataki na 4: Tabbatar da wanda ya ƙera shi

Sunan da ke jikin murfi ba lallai ne ya zama na maƙeri ba. A Amurka manyan kantuna sun riƙa sa a ƙera musu inji su liƙa sunansu. Sea King na kantin Montgomery Ward ne, kuma na shekarun 1950 kamfanin Gale ne ya ƙera su, wanda reshe ne na kamfanin da ke yin Johnson da Evinrude, shi ya sa kayan wutarsu da yawa suke shiga juna. Elgin na kantin Sears, West Bend ne ya yi na farkonsu. Wizard na Western Auto, Mercury ne ya yi na farko. Firestone kuma aikin Scott-Atwater ne. Chrysler ya sayi sashen injin West Bend a 1965, daga baya injinan suka koma suna Force. Ƙananan Mariner da yawa na shekarun 1970 da 1980 Yamaha ne cikin wata riga, in ka ga an rubuta an yi shi a Japan, nemi kayansa a wurin masu Yamaha.

Gwajin sifana yana yanke shakka da wuri. Gwada a kan notunan jikin silinda, waɗanda ba a cika canzawa ba. In 10, 12 da 14 suka zauna daram, ɗan Japan ne. In 12 ta ƙi shiga, 13 kuma ta shiga tana ɗan wasa, notin rabin inci ne, wato ɗan Amurka. In milimita da inci duka suka ƙi zama daidai, awon Whitworth ne na Ingila, kusan tabbas Seagull. Kada ka matsa da sifana mai wasa, gwaji kawai kake yi.

Mataki na 5: Fassara lambar

*Johnson da Evinrude, 1980 zuwa sama.* Ole Evinrude ya fara sayar da injinsa a Milwaukee a 1909, 'yan'uwan Johnson suka fito da nasu a 1922, kuma daga tsakiyar shekarun 1930 kamfani ɗaya ya mallaki duka biyun, wanda aka fi sani da OMC. Daga 1980 sun yi amfani da tsari guda: an ɓoye shekara a cikin haruffan kalmar INTRODUCES. I shi ne 1, N 2, T 3, R 4, O 5, D 6, U 7, C 8, E 9, S kuma 0.

A ce ka karanta J15RCUD. J Johnson ne, da Evinrude ne da E za ka gani. 15 ƙarfin doki. R na nufin da igiya ake tayarwa. CU shi ne 87, wato 1987. D na ƙarshe alamar zubin masana'anta ce, ba ta cikin shekara. Nan mutane ke faɗawa rami: su ɗauki haruffa biyu na ƙarshe, UD, su ce 1976. Ba zai yiwu ba, tsarin bai fara ba a lokacin. Harafin farko na shekara dole ya zama C na shekarun 1980, E na shekarun 1990, S na 2000 zuwa 2009, ko I na farkon shekarun 2010. In lissafinka ya ba da wani abu dabam, matsa baya da harafi ɗaya.

Wani ramin shi ne E, domin tana da aiki uku. A farkon lamba Evinrude ce, bayan ƙarfin doki tana nufin tayarwa da batir, a wurin shekara kuma 9 ce. J40ELCO shi ne Johnson mai doki 40, na batir, L doguwar ƙafa, CO 1985. In ka ga B ko C kafin J ko E, an haɗa injin a masana'antar Beljiyam ko ta Kanada, amma haruffan shekara ba su canza ba.

*Johnson, 1969 zuwa 1979.* Wannan mai sauƙi ne, shekarar a fili take. 25R73 doki 25 ne, na igiya, 1973. 6R69 doki 6, 1969.

*Evinrude, wajen 1963 zuwa 1979.* Lambobi ne zalla. Na farko ƙarfin doki, wanda ke biye shi ne lambar ƙarshe ta shekara. 25302 doki 25 ne na 1973. Matsalar ita ce lamba ɗaya tana dawowa bayan shekara goma: 6902 na 1969 ne, 6904 na 1979. Mai doki 18 ma an yi shi a 1963 an kuma yi a 1973. A irin wannan sai ka haɗa da siffar injin. Kafin 1963 kuwa kada ka yarda da wannan lissafi sam. 15032 ba doki 15 ba ne, Fastwin ne mai doki 18 na 1960. Sunayen da ke jikin murfi suna taimakawa in murfin na asali ne: a tsakiyar shekarun 1950 Lightwin doki 3 ne, Fisherman 5.5, Fleetwin 7.5, Sportwin 10, Fastwin 15 sannan 18, Big Twin 25 zuwa sama.

*Johnson kafin 1969.* Haruffa biyu, layi, sai lamba. Haruffan su ne dangin injin: JW doki 3, CD 5.5 sannan 6, AD 7.5, QD 10, FD 15 zuwa 20, RD 25 zuwa sama. Lambar da ke biye ba shekara ba ce, ƙidayar zubi ce ta wannan dangin. Dubi waɗannan: JW-12, CD-13, AD-10, QD-17, FD-10, RD-18. Lambobi daban-daban, amma dukkansu 'yan 1956 ne. In ka riƙe wannan layin a ka, kana iya ƙirgawa gaba a wasu dangin: CD-14 1957, CD-15 1958, QD-18 1957, FD-11 1957, haka har farkon shekarun 1960. Baya kuwa ƙirgen ba ya tafiya daidai, domin wata lambar ta yi shekara biyu ko uku, wata shekarar kuma ta ci lamba biyu. L a ƙarshen haruffan doguwar ƙafa ce, E na batir.

*Mercury.* Carl Kiekhaefer ya kafa kamfanin a 1939 a Cedarburg, kuma tsofaffin injinansa ba sa ɗauke da shekara a cikin lamba. Siriyal ce kaɗai hanya, sai ka nemi jadawalin siriyal na Mercury a intanet, ka fara da ƙarfin doki sannan ka ga tsakanin waɗanne lambobi taka ta faɗa. Ka lura da ƙasar: siriyal mai lamba bakwai da ta fara da 9 ta masana'antar Beljiyam ce, 7 Kanada, 8 Ostireliya, kuma kowace da jadawalinta. In ka duba ɗan Beljiyam a jadawalin Amurka, amsar banza za ka samu. Siriyal da ta fara da sifili da harafi, kamar 0B ko 0D, daga tsakiyar shekarun 1980 ce zuwa sama.

Sunan samfurin yana rage maka tazara. Masu farawa da K, irin su KE7 da KG7, na shekarun 1940 ne zuwa farkon 1950. Masu suna Mark na shekarun 1950 ne, kuma lambarsu ba ƙarfin doki ba ce: Mark 55 doki 40 ne, Mark 75 doki 60. Daga 1960 aka koma Merc, inda ake ƙara sifili a kan ƙarfin doki: Merc 200 doki 20, Merc 500 doki 50, Merc 110 kuma doki 9.8.

*Yamaha.* Injinsu na farko, P-7, ya fito a 1960. A allon za ka ga sunan samfur kamar E40GMH, a ƙasansa lambar dangi mai alama uku, harafin tsawon ƙafa S ko L, sai siriyal. E na farko Enduro ne, irin na masu aikin yau da kullum, EK kuma mai shan kananzir. M tayarwa da hannu, H hannun tuƙi. Harafin da ke bin ƙarfin doki, kamar G a E40G ko X a E40X, zubi ne, kuma zubi ɗaya yakan yi shekaru da yawa ana ƙera shi. Wurin sayen kaya lambar dangi ta fi shekara amfani: 6F6 na E40G, 66T na E40X, 6B4 na E15D, 63V na 9.9F, 677 na E8D. Ita ce kuma ke farkon lambar kayan gyara da yawa.

Waɗanda aka sayar a Amurka da Kanada ne ke da harafin shekara a ƙarshen suna: N 1984, K 1985, J 1986, H 1987, G 1988, F 1989, D 1990, daga nan P 1991, Q 1992, R 1993, a bi jeri har Z 2001. Kada ka ɗora wannan a kan Enduro. H na ƙarshen E40GMH hannun tuƙi ne, ba 1987 ba.

*British Seagull.* An fara shi a 1931, aka yi shekaru ana ƙera shi a garin Poole, aka daina a 1996. Siffarsa kusan ba ta canza ba, ɗan 1955 da ɗan 1975 sai ka ce tagwaye, don haka lamba ce kaɗai abin dogaro. Haruffan farko samfur ne: SJM da SJP tsofaffin ƙananan Forty ne, FP Forty Plus na baya, LLS Century, WS Silver Century. Daga 1963 an ƙara wata da shekara a ƙarshe. A Janairu, B Fabrairu, haka har M Disamba, an tsallake I, don haka J Satumba ce. C5 Maris 1965 ke nan. Daga 1973 aka ninka harafin: CC5 Maris 1975. In babu wannan wutsiya, injin ya girmi 1963.

Mataki na 6: In babu lamba ko ɗaya

Ba za ka sami shekara takamaimai ba, amma kana iya matse ta zuwa cikin shekara uku ko biyar. Duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana yanke maka iyaka ta sama ko ta ƙasa.

Ƙarfen jiki. Ƙafa ta tagulla, silinda ta baƙin ƙarfe wadda maye ke kamawa, da ɗan mariƙi a kan filawil da ake juyawa da hannu, wannan na shekarun 1910 ne zuwa farkon 1920. Alminiyam ya shigo da Elto, kamfanin Ole Evinrude na biyu, a 1921 da Johnson a 1922. Filawil tsirara da ake naɗa wa igiya, da silinda biyu masu kallon gabas da yamma, na shekarun 1920 da 1930 ne. Seagull ne kaɗai ya ci gaba da tafiya tsirara har kusan ƙarshensa, kada ya ruɗe ka.

Giya. Injin da ba shi da giya, da ya tashi sai tafiya, yawanci ya girmi 1950, ban da ƙanana masu doki 2 zuwa 4 da suka daɗe a haka. Johnson QD na 1949 shi ne ya yaɗa giyar gaba, tsayawa da baya, tare da tanki na dabam.

Mahaɗin mai. A Johnson da Evinrude, in mahaɗin na tiyo biyu ne manne da juna, ɗaya na iska ɗaya na mai, injin na tsakanin 1949 da 1959 ne. Iskar injin ce ke matsa tankin ta turo mai. Daga 1960 famfon mai da tiyo ɗaya suka maye gurbinsa. Amma mutane da yawa sun sauya tsofaffin zuwa famfo, don haka tiyo biyu shaida ce mai ƙarfi, tiyo ɗaya kuwa mai rauni.

Wuta. Leƙa ta ramin saman filawil in akwai. Kwantak da kwandensa a ƙarƙashinsa na nufin tsohon tsari. Ƙananan Johnson da Evinrude masu silinda biyu sun koma baƙin akwatin wuta na lantarki a 1977. Kada ka cire filawil da guduma ko da abin ja mai kama gefe, yana lanƙwashewa ko karanshaf ya lalace. In dole ne, a yi amfani da abin ja mai ɗaurewa a ramukan sukurori uku na tsakiya.

Girman da aka yi na ɗan lokaci. Gajeren nan mai doki 9.5 na OMC, wanda kansa ke zaune ƙasa-ƙasa a bayan jirgi, daga 1964 ne zuwa 1973. A 1974 masu doki 9.9 da 15 suka gaje shi, da hayaƙi mai fita ta tsakiyar farfela. Mai silinda huɗu a siffar V bai girmi 1958 ba.

Fenti. Kankare kaɗan da farce a wurin da mai fenti ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin maƙala ko cikin tiren ƙasa. Johnson kore ne har 1955, ja mai duhu da fari daga 1956 zuwa 1958, fari daga 1959. Evinrude shuɗi ne a shekarun 1950. Mercury ya yi kore, ya yi fari a ƙarshen shekarun 1950, ya zama baƙi daga farkon shekarun 1960. Fenti shi ne mafi raunin shaida, a yi amfani da shi don tabbatarwa kawai.

Rubuce-rubuce. In akwai jerin shekarun rajistar ƙirƙira a jikin tanki ko filawil, injin bai girmi ta ƙarshe a cikinsu ba. In adireshin kamfanin Amurka na ɗauke da lambar gidan waya mai alama biyar, bai girmi 1963 ba, a shekarar aka fara ta. Tsakanin 1942 da 1945 kuma kamfanonin Amurka aikin soja suka koma, da wuya ka ga injin kasuwa na waɗannan shekarun.

Daga ƙarshe, kwafi lambobin da ke jikin kafireta, kan silinda da akwatin giya, ka neme su a littattafan kayan gyara da ke intanet. Kowane ɓangare zai nuna shekarun da aka yi amfani da shi. In kafireta ta ce 1968 zuwa 1972, kan silinda ya ce 1971 zuwa 1976, injinka na 1971 ne ko 1972. Ƙungiyar masu tara tsofaffin injina ta Amurka, Antique Outboard Motor Club, tana da mutanen da ke gane inji daga hoto, a nan hotunan mataki na 1 za su yi amfani.

Mataki na 7: Auna ƙafa

Ɗora tef daga cikin maƙala, daidai inda take zama a kan katakon jirgi, zuwa faffaɗan farantin da ke saman farfela. Kusan inci 15 zuwa 17 gajeriya ce, 20 zuwa 22 doguwa, 25 zuwa sama mai tsawo sosai. Kwatanta da lambar samfur. In lamba ba ta da L amma awo ya ba da 20, an ƙara tsawo ko an canza ƙafa. Duba ko akwai wani guntu mai inci 5 da aka saka tsakanin ƙafa da akwatin giya. Wannan yana shafar sandar juya farfela, bututun ruwa da sandar giya in za ka saya.

Mataki na 8: Haɗa shaidu, ka daidaita mai

Jera abin da ka samu a takarda ɗaya: allo, faifai, awon noti, mahaɗin mai, wuta, fenti, tsawon ƙafa. In suka yi karo, faifan jikin silinda ne gaba, sai allo, sai siffofi, murfi da fenti a ƙarshe. Ka kuma sani cewa shekarar samfur a Amurka takan fara tun ƙarshen shekarar da ta gabata, don haka injin 1974 mai wani ɓangare ɗauke da alamar ƙarshen 1973 ba haɗe-haɗe ba ne.

Da shekara a hannu sai ka auna mai. A jarka mai lita 25 ta fetur, Johnson da Evinrude daga 1964 zuwa sama suna son kashi 50 da 1, wato rabin lita na man inji mai bugu biyu. Waɗanda suka girmi 1964 kashi 24 da 1 ne, lita ɗaya da ɗan ɗigo, wasu ƙananan tsofaffi ma 16 da 1, lita ɗaya da rabi. Dalili shi ne da yawansu a kan bushin tagulla karanshaf ke juyawa, ba a kan boris ba, kuma bushi sai da mai mai yawa. Ka ba irin wannan injin 50 da 1, zai yi ta tafiya lafiya na ɗan lokaci, sannan ya fara ƙwanƙwasa. Seagull kafin 1978 kashi 10 da 1 yake sha, lita biyu da rabi, na bayan nan 25 da 1, lita ɗaya. Enduro 50 da 1, amma 25 da 1 in an sa masa sabon fistin da zobba, har su zauna. In shekarar ta tsaya maka tsakanin biyu, misali 1963 ko 1964, ɗauki wadda ta fi mai. Abin da zai biyo baya hayaƙi ne da fulogi mai baƙi, wanda gogewa ke magancewa.

Rubuta samfur, siriyal, shekara da awon mai da fenti mai ɗorewa a cikin murfi, ka kuma ajiye hoton allon da na faifan a waya. In za ka kasuwa neman robar famfo, kwayil ko kayan kafireta, tafi da lambar da tsohon ɓangaren a hannu, ka ɗora su gefe da gefe kafin ka biya.